Lawwali a Falon Mufida

Shafi na 19

Lawwali ya faɗi sunan Baba Zaki a talabijin. Ya faɗi sunan, ya faɗi garin, har yawan rumbunan tsohon sai da ya faɗa. Shekara goma sha biyu 'yan fito, masu satar shigo da shinkafa ta Magama, suna rufe sunan nan kamar tsiraicinsu, wawa ɗaya ya yaye shi cikin minti guda, yana murmushi, da kofin lemo a gabansa.

Ranar Asabar bayan la'asar aka haska abin.

Tun kafin liman ya sallame, rumfar kallon Abdulfatah ta cika. Rumfar ƙwallo ce, amma ranar Asabar ba a ƙwallo, sai Falon Mufida. Wanda bai san shirin ba bai yi asarar komai ba. Wata mata ce a Kano, mayafinta kalar kujerarta, take ɗauko 'yan fim da mawaƙa ta zaunar a kan kushin, ta ba su lemo, ta karya wuya ta ce, "Ya kika ji a ranki?" Su kuma su yi ta zuba. Wadda aurenta ya mutu ta yi kuka, a miƙo mata tishu. Wanda ya taɓa kwana a tasha ya faɗa, a tafa masa. Shi ke nan aikin. Amma sai ka ga ƙarti majiya ƙarfi sun jingine babura sun zo sun saki baki. Mutum bai san ko an ɗora tukunya a gidansa ba, ya san miyar da wata 'yar fim ta fi so.

A cikin ƙartin nan Lawwali ne gaba. Wata biyu da suka wuce wani mara aikin yi ya ɗauke shi a waya yana hayo gangaren rafi da buhun shinkafa tara a kan babur. Hoton ya zaga wayoyi. Sai ga kira daga Kano, wai Mufida tana son Jarumin Kan Iyaka a falonta. Nagoggo, yayansa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kuma shi ne babban 'yan fiton, ya ce kada ya je. Ya je. Da ya dawo ya rantse bai faɗi hanya ko ɗaya ba.

Rantsuwar nan ce ta kawo Nagoggo rumfar yau, shi da bai taɓa leƙa ta ranar Asabar ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya harɗe hannu, don ya ji da kunnensa. Abin da ke ransa ɗaya ne. Shekaranjiya aka sauke buhu arba'in a rumbunan Baba Zaki, suna can kwance ƙarƙashin damman gero.

Haka aikin yake. A ɗauko shinkafa daga can ɓangaren Nijar ta hanyar daji, a kwantar da ita a ƙauyen Kusa, sai hanya ta yi sanyi a shigo da ita gari kaɗan-kaɗan. Masu kaki sun san ana yi, inda kayan ke kwana ne ba su sani ba. Wa zai kawo tsohon manomi ɗan shekara saba'in a ransa, mutumin da daga gona sai coci? Abokin mahaifinsu ne, gonarsu tana jikin tasa. Ranar da Nagoggo ya durƙusa ya roƙe shi rumbu, magana ɗaya tsohon ya yi: kada sunansa ya fita. Nagoggo ya dafa ƙirji ya ce ba zai fita ba.

Lawwali yana can gaba a kan farar kujerar roba, da shaddar da ya sa a Kano, har yau karin gugar bai mutu ba.

"Jarumi," in ji Abdulfatah yana gyara waya a bayan akwatin talabijin, "wai da gaske kushin ɗin ya kai yadda ake gani?"

"Kai bari. In ka zauna, ji za ka yi kamar uwarka ta goya ka."

"Ita hwa Hajiyar? Ƙamshi?"

"Kwana uku ina jin shi ga rigata."

"Shi ya sa ba ka wanke ta ba kenan."

Aka yi dariya. Har James ya yi, daga bencin baya inda yake ɓare gyaɗa. James mai kaki ne na bakin iyaka, yau yana hutu, ya zo da riga mai gajeren hannu. Shekara uku yana Magama, kuma Asabar ba ta wuce shi. Shi ma Mufida ta kama shi kamar kowa. A rumfar nan ɗan fito da mai kaki benci ɗaya suke zama, muddin matar nan tana magana.

Kiɗa ya tashi. Ga Mufida. Ga Lawwali a gefenta ya nutse cikin kushin, gwiwoyinsa sun kusa taɓo haɓarsa.

"Masu kallo, yau falona ya yi babban baƙo," ta ce. "Mutumin da ya ɗora buhu tara a kan babur ya hau tudu bai waiwaya ba. Jarumi, sannu da zuwa."

Rumfa ta ɗauki sowa.

Ta tambaye shi babur ɗinsa na farko, ya faɗa. Ta tambaye shi tabon da ke goshinsa, ya ba da labarin ranar da ya ci ƙasa a yashi. Sai ta matso, ta rage murya.

"To wace hanya kuke bi? Tsakanina da kai."

Nagoggo ya sauke hannunsa daga ƙirji.

"A'a Hajiya," in ji Lawwalin cikin akwati yana kaɗa yatsa, "wannan sirrin sana'a ne."

Aka fashe da tafi. Wani ya daki kafaɗar James ya ce, "Ofisa, an hana ka." James ya yi dariya ya watsa gyaɗa a baki. Lawwali ya juyo daga kujerarsa ya nemo yayansa da ido, irin kallon ka gani ko. Numfashin Nagoggo ya ɗan sauka.

Daga nan aka shiga abin da aka saba. Ta kawo maganar mahaifinsa, ta karya wuya.

"Ya ka ji a ranka ranar da ya rasu?"

Ƙato mai 'ya'ya shida, wanda ranar jana'izar uban nasa ko ƙwalla bai yi ba, sai ga shi yana shessheƙa a gaban Kano da Maraɗi. Aka miƙo tishu. Nagoggo ya kawar da kai ya tofar da yawu waje.

Ya juya zai tafi kenan ya ji ta ce, "To Jarumi, lokaci ya ci mu. Wa za ka gaisar?"

Kowa ya san ƙa'idar wannan a Magama. In Allah ya kai ka rediyo ko talabijin aka ce ka yi gaisuwa, duk wanda ya taɓa yi maka alheri ka tsallake shi, ka sayi gaba har kabari. Lawwali ya gyara zama. Ya gaida mahaifiyarsa. Ya gaida matarsa Bilki. Ya gaida yayansa Nagoggo. Ya gaida Abdulfatah mai rumfa, Abdulfatah ya daka tsalle kamar an ba shi kujerar Makka. Ya gaida Zunnuraini mai faci. Duk sunan da ya fito sai rumfa ta ɗauka.

"Sai babanmu," ya ce, ya ajiye kofin lemon ya dafa ƙirji. "Baba Zaki na Kusa, mai rumbu bakwai bayan coci. Hajiya, wanga tsoho, in ba don shi ba da babu mu. Duk kayan da muka ɗauko, rumbunshi suke kwana. Shekara goma sha biyu, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Baba, Allah shi saka maka."

"Allah sarki," in ji Mufida. "A tafa wa Baba Zaki."

A cikin akwati aka tafa. A rumfa Lawwali ne kaɗai ya tafa, sau biyu, sannan ya tsaya ya dubi hagu ya dubi dama.

James ya kaɗe ɓawon gyaɗa daga wandonsa ya miƙe. Bai yi sauri ba. Da ya zo ƙofa ya ɗan karkace don ya wuce Nagoggo.

"Sannu Nagoggo," ya ce. "Shirin yau ya yi kyau."

Ya fita yana laluben waya a aljihu.

Nagoggo ya ratsa benci uku, ya kamo wuyan shaddar ya jawo ƙanen nasa har bayan rumfa, inda janareta ke ruri. Da ɗaya hannun yana kiran lambar Sarai, ɗiyar Baba Zaki. Wayar ba ta shiga.

"Yaya, rigata."

"Ka rantse mani."

"Na rantse ban hwaɗi hanya ba, kuma ban hwaɗa ba. Kai ma ka ji. Ta tambaye ni na ƙi."

"Shi wancan hwa?"

"Wancan gaisuwa ce."

"Gaisuwa."

"Gaisuwa ce mana, Yaya. Shiri ya ƙare, ta ce a yi gaisuwa. Wa ke riƙe gaisuwa?"

"James. Ga shi can shina riƙe da ita a waya."

Nagoggo ya sake danna lambar. Shiru.

"Ba su ji nauyin maganar ba, su mutanen Kanon? Ba wanda ya ce maka komi?"

Lawwali ya dubi ƙasa.

"Da kai nake."

"Sun kira ni."

"Wa?"

"Mai haɗa shirin. Bayan na dawo da kwana uku. Ya ce wurin tsohon nan maganar ta yi nauyi, ko su yanke."

"Ka ce mi?"

"Na ce kada a taɓa."

Nagoggo ya saki rigar. Ya ja baya taku ɗaya yana kallonsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Sun ce za su yanke. Su da ba su san shi ba. Kai ka hana."

"Yaya, ka duba mana. A bar Zunnuraini mai faci, a cire Baba Zaki? In ya ji labari mi zai ce? Cewa zai yi na gaida kowa na tsallake shi don shi ba musulmi ba ne. Mutumin da ya yi muna abin da dangi ba su yi ba. Ni girmama shi na yi."

"Ka girmama shi."

"Wallahi girmama shi na yi. Kai ba ka zauna wurin ba, ba ka san yadda abin yake ba. Hitilu ko'ina. Mutum huɗu suna gyara maka zama. Shekara arba'in da ɗaya gare ni, ba wanda ya taɓa tambayata ya na ji a raina. Kai ba ka taɓa ba. Bilki ba ta taɓa ba. Daga ɗauko sai kai, daga kai sai ɗauko. Matar nan ta dube ni ta tambaye ni, ta tsaya har na gama. A lokacin ji na yi duk wanda nike ƙauna ya kamata duniya ta san shi."

"Ta tsaya har ka gama," in ji Nagoggo. "Aikinta kenan, sakarai. Gobe wani za ta tsaya ma, da tishun da ka rage. Ba ni makullin babur."

"Yaya..."

"Naka ya hi gudu. Ba ni."

Ya fizge makullin ya hau.

Ta hanyar kwalta mota sai ta yi zagaye kafin ta kai Kusa, kuma sai James ya tara mutane tukuna. Nagoggo ya yanki daji. Ya bi gefen gonakin da aka gama girbe, ya faɗa rafi ya fito, ƙaya tana tsinkar masa ƙafar wando. Duk tafiyar lissafi ɗaya yake yi, kuma bai fita ba. Buhu arba'in ba sa tashi a babur ɗaya. Abin da babur ɗaya zai iya ɗauka tsoho ɗaya ne.

Ya tarar da shi a gindin bishiyar bedin da ke ƙofar gida yana tufka igiya, ya danne bakinta da babban yatsan ƙafa. Sarai tana gefe tana sussukar gero a turmi. Rumbuna bakwai suna jere a bayansu, hular kowanne sabuwa.

"Nagoggo, tun rana ba ta hwaɗi ba? Lahiya?"

Nagoggo ya durƙusa. Bai yi gaisuwa ba.

"Baba, sunanka ya hita."

Hannun tsohon ya tsaya.

"Ya hita ina?"

"Talabijin."

"Akwatin nan na mata masu kuka?"

"Shi."

"Mi ya kai ni ciki?"

"Lawwali ne ya gaishe ka."

Sarai ta jingine taɓarya.

"Ya gaishe ni," in ji tsohon. "To ina amsawa. Da mi da mi ya haɗa?"

"Da komi, Baba. Rumbu, coci, shekaru."

"Wa ya ji?"

"Kowa. Har mai kaki, shina zaune wurin. Suna hanya. Ka hau mu tahi, kahin magariba mun ƙetare. Ina da mutane can, ka zauna wata ɗaya ko biyu har ƙura ta lahwa."

Baba Zaki ya dubi babur ɗin, ya dubi rumbunansa.

"In hau wannan in gudu Nijar, ni da jikoki goma sha ɗaya? Ubana bayan rumbun can shike kwance. In sun zo ba su iske ni ba, Sarai za su ɗauka."

"Baba, ni na yi maka alkawari."

"Ka yi. Ai ba kai ka shiga akwatin ba."

"Ka hau, don Allah."

"Tura abin nan cikin kara ka ɓoye. In za ka tahi, tahi. In za ka tsaya, tsaya cikin mutane, kada ka tsaya kusa da ni."

Ya ci gaba da tufkarsa.

Nagoggo bai gama tura babur ɗin bayan tarin kara ba ya ji ƙugin mota. Mutum biyar ne, James a gaba, yanzu da kaki a jikinsa. Kafin su sauko rabin ƙauyen ya fito. Nagoggo ya shige tsakanin maza ya tsaya, kamar wanda ya zo wucewa.

James ya cire hula ya gaida tsohon.

"Baba, za mu duba rumbu."

"Ga su nan. Ku yi a hankali da hulunan, bana aka yi su."

Aka ɗage hular na farko. Aka fara jefo damman gero ƙasa, noman shekara guda, zangarniya tana karyewa, tsaba tana bin ƙasa. Awaki suka taho, ba wanda ya kore su. Dami na goma sha wani abu, sai ga farin buhu. Na biyu ma haka. Na uku bakinsa ya yi ƙanƙanta, aka sa gatari aka fasa cikinsa. Sarai ta dafe kai da hannu biyu, ba ta yi kuka ba.

Da aka jera buhunan a fili James ya dawo gindin bedin ya tsuguna.

"Baba, ni ba kai nake nema ba. Lawwali ma ba shi nake nema ba, ɗan dako ne mai dogon baki. Mai kayan nake so. Ka faɗi suna ɗaya, ka kwana a ɗakinka."

Bai waiwayo ba, amma duk wanda ke wurin ya san inda maganar ta nufa. Nagoggo ya fara lissafi. Mata biyu gare shi, 'ya'ya tara, da 'yan fito ashirin da ke ci a ƙarƙashinsa. Taku uku ne tsakaninsa da fili. Bai taka ko ɗaya ba.

"Ban san sunan kowa ba," in ji Baba Zaki.

"Shekara goma sha biyu, Baba."

"Na tsuhwa. Ba ni riƙe suna."

"To a rumbunka aka samu. Ka san abin da ke nan."

"Na sani."

Ya naɗe igiyar da bai gama ba ya miƙa wa Sarai. Ya dafa bedin ya miƙe. Ɗaya daga cikin masu kakin ya fito da ankwa, James ya girgiza masa kai, ya mayar. Bayan motar ya yi wa tsohon tsawo, sai da mutum biyu suka ɗaga shi kamar buhu suka zaunar a kan shinkafar. Takalminsa ɗaya ya faɗo, wata tsohuwa ta ɗauka ta miƙa masa.

Bai dubi inda Nagoggo yake ba ko sau ɗaya.

Direba ya tada mota. Sarai ta yar da igiyar, ta taka kan geron da ke zube, ta zo ta tsaya a gaban motar ta dafa ƙarfen da hannu ɗaya.

"Ofisa, dakata."

James ya leƙo ta taga.

"Baba ya tsuhwa, ba shi riƙe suna," ta ce. "Ni ban tsuhwa ba."

Ta juyo ta dubi cikin maza.